Zuwa ga Masu Kawo Mana Mota: Batun Fetur da ke Sauka Cikin Man Juye

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu da ke kawo mana gyara a nan Bauchi.

Ya gida, ya sanyi? Sanyin ne ma ya sa muka rubuto muku, domin tun shigowar hunturun nan mun zare gejin man juye a motoci da dama mun ji warin fetur a jikinsa.

Kwanaki wata Hajiya ta kawo motarta juye tana murna, wai motar ba ta rage mai ko kaɗan, ƙaruwa ma yake yi. Yaronmu ya zaro geji, sai ga mai ya haura alamar sama. Ya ɗiga a yatsa ya murza, tsararo kamar ruwan shayi, babu danƙo. Ya miƙa mata ta sunsuna, ta ce, "Kai, ai wannan fetur ne!" Muka tambayi zirga-zirgarta. Daga Fadamar Mada ta sauke yara a makaranta, ta leƙa kasuwar Wunti, ta koma gida. Kullum ke nan.

Idan aka tayar da inji da sanyinsa, kwamfutar mota takan ƙara masa fetur fiye da na kullum don kada ya mutu. Ba duka yake ƙonewa ba. Wani yakan manne a bangon silinda mai sanyi, ya zurare ta gefen ringi, wato zoben fistan, ya gangara tukunyar mai da ke ƙasan inji. Kowace mota tana yin haka. Mai tafiya mai nisa bai san ana yi ba, domin da man juye ya ɗau zafi kamar digiri 90 zuwa 100 ya jima a haka, fetur ɗin sai ya zama tururi, inji ya zuƙe abinsa ya ƙone. Mai gajeriyar tafiya kuwa yakan kashe mota kafin a kai nan, na yau ya hau kan na jiya. Kada allurar zafi ta yaudare ku: zafin ruwa take nunawa, shi kuma mai yakan makara wajen ɗumama.

Man da ya tsinke ba ya riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Metal ɗin karanshaf, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, shi ne ke fara jin jiki, sai ringi, wata rana a ce inji ya buga ana tsaka da hidima. Motocin zamani masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda sun fi saurin kamuwa. Ko a 2018 sai da Honda ta kira motocin CR-V masu injin turbo 1.5 a ƙasar Sin don gyara wannan matsala, bayan ƙorafin masu su a yankunan sanyi.

A nan dole mu faɗi laifinmu, mu kanikawa. Shekara da shekaru, mota na isowa daga Kwatano sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai tamostat ta ƙasar Turawa ce, mu nan zafi gare mu. Mu ma mun yi, ba ma musu. Alhali aikinta shi ne ta tare ruwa kada ya zaga lagireto sai inji ya kai zafin aikinsa, a yawancin motoci sama da digiri 80. In babu ita, inji ya yi ta aiki a sanyaye, kwamfuta ta yi ta ɗura fetur tana jiran zafin da ba zai zo da wuri ba. Ga asarar fetur a wannan marra, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga lalata man juye. Daga yau mun daina cirewa. Wanda motarsa ke zafi, za mu nemo ainihin ciwon, lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ne. Wanda aka riga aka cire masa, ya zo mu mayar.

Sai ɗumama mota da safe. Wasu sukan bar ta a silo har a gama karin kumallo. A silo inji ba ya saurin ɗaukar zafi, don haka tsawaita matsalar ake yi. Minti ɗaya ya isa, sannan a ja a hankali ba tare da take totur ba. Aike uku a haɗa su a fita ɗaya tun inji na da zafi. Sau ɗaya a mako kuma a ba motar titi na rabin awa ko fiye, ko hanyar Dass ko ta Jos. Mun san za a ce ina kuɗin man yawo. To a haɗa da zumunci, ai akwai 'yan'uwan da aka daɗe ba a leƙa ba.

Littattafan motoci da yawa suna lissafa yawan tafiyar da ba ta kai kilomita 8 ba a cikin aiki mai wahalar da inji, suna kuma rage wa'adin juye saboda ita. Shi ya sa yanzu za mu riƙa rubuta muku kwanan wata tare da kilomita a takardar juye. Mai yawon cikin gari kada ya wuce wata 6, ko da bai cika kilomita 5,000 ba. Zuba man juye mai kauri irin 20W-50 a motar da aka rubuta wa 5W-30 ba magani ba ne, rufe ciwo ne kawai.

Amma idan kuka ga mai yana hawa cikin 'yan kwanaki bayan juye, ba gajeriyar tafiya ba ce kaɗai. Wataƙila nozul mai fesa fetur ke yoyo, ko fulogi ya mutu, ko na'urar auna zafin ruwa ke yi wa kwamfuta ƙarya. In kuwa man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, wannan maganar gasket ce, kada a ƙara tayar da motar.

Duba geji kyauta ne a wurinmu. Ku biyo kowace rana, ban da lokacin sallar Juma'a.

Naku,
Mai gareji da yaransa