Barka da Sallah daga Kentucky, da labarin wani kiɗan goge

Assalamu alaikum Inna, da Kawu, da Yaya, da sauran mutanen gida manya da yara.

Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Da fatan kuɗin rago sun iso da wuri kuma an yi layya lafiya. Mu nan mun yi Idi a wani zaure da aka kama haya, muna sallamewa kowa ya nufi wurin aikinsa, don ba a ba da hutun Sallah a nan. Lafiyata ƙalau, sai dai kewar gida.

Kawu, rabin wasiƙar nan taka ce, tunda kai ne mai son goge a gidanmu. Da yamma na kai wa wani dattijo maƙwabcina naman Sallah, shi kuma ya ɗauko gogensu na Turawa mai tsirkiya huɗu ya ce zai yi mini tukuici. Sai da ya sassauta tsirkiya biyu tukuna, har uku daga cikin huɗun suka koma murya ɗaya, ta ƙasan tana gurnani ba ta yankewa. Ya ce haka ake ɗaure goge idan za a yi wannan kiɗa, Bonaparte's Retreat, wato ja da bayan Napoleon na Faransa, wanda sanyi da yunwa suka cinye rundunarsa a hanyar dawowa daga Mosko a 1812.

Kiɗan ya tsallako teku ne tare da baƙin da suka zo daga Ailan da Birtaniya, ya zauna a duwatsun Appalachia na gabashin Amurka. Babu waƙa a cikinsa, hannu ne kawai ke miƙa wa hannu. Ana cewa mutanen Ailan da baƙin ciki suke kaɗa shi, domin sun sa rai Napoleon zai raba su da mulkin Ingila. Tsofaffin makaɗa a hankali suke jan sa, da takun sojan da ya gaji, kuma wasu na cewa gurnanin nan na ƙasa ƙarar igwa ce daga nesa. Na ji haka a hannun dattijon nan, har jikina ya yi sanyi.

Daga nan ya sake kaɗa shi da ninkin sauri, sai ya zama kiɗan rawa. Wannan salon na William Stepp ne, wani mai goge na gabashin Kentucky da aka haifa a 1875. A 1937 Alan Lomax, wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, da matarsa suka je garin Salyersville da na'urar ɗaukar murya, suka naɗi kiɗansa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Wata masaniyar kiɗa, Ruth Crawford Seeger, ta zauna ta rubuta shi sauti bayan sauti, aka buga a littafi a 1941. A littafin nan ne Aaron Copland, wani shahararren mai tsara kiɗa, ya gan shi, ya ɗauke shi kusan yadda yake ya sa a kiɗan wasan rawarsa mai suna Rodeo a 1942. Daga baya har tallan naman shanu aka yi da shi a talabijin, ta yadda da wuya ka sami Ba'amurken da bai san amonsa ba. Wani reshen kuma ya bi ta hannun wani mawaƙi, Pee Wee King, aka sa masa baitocin soyayya, mawaƙiya Kay Starr ta rera shi a 1950 ya karɓu sosai. Duk tushe ɗaya, amma ni na tsofaffin ya fi kama mini zuciya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Stepp ya rasu a 1957, duniya na tafa wa Copland, shi kuwa 'yan kaɗan ne suka san sunansa. Abin da ya cece shi kawai, waɗanda suka naɗi kiɗan sun rubuta sunansa da garinsa da shekarar. Sai na tuna tsohon nan mai goge da kake kai ni wurinsa ranar kasuwa ina yaro. Taken da yake kaɗawa da tsirkiya ɗaya ta izgar doki, wa ya ɗauka? Na san wasu na ƙyamar sana'ar, amma abin da ke hannun bawan Allahn nan gadon kakanni ne, kuma shekaru sun ja.

Don haka ina roƙon alfarma. Kawu, in ƙafarka ta yi sauƙi, ka ɗauki Auta da wayarsa ku je kafin hidimar Sallah ta watse. A nemi izininsa, a ɗauki kowane take daban, ya faɗi sunan taken da bakinsa, da wanda ya koya masa, da yadda wancan yake kaɗa shi in akwai bambanci. Zan turo abin goro ta hannun Yaya a ba shi, kada a je masa hannu rabbana.

Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a. A gaishe mini da Gwaggo da su Baba Ƙarami, a ba yara goron Sallarsu daga ragowar kuɗin rago.

Naku har kullum,
ɗanku na Amurka