A Daina Cakuɗa Kyaututtukan Mawaƙan Sifaniyanci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Masu kawo labarin kyaututtukan waƙoƙin Sifaniyanci suna yawan cakuɗa su. A kyautar Latin Grammy, mambobin hukumar da ke shirya ta ne ke kaɗa ƙuri'a. Mujallar Billboard kuwa, a nata kyaututtukan, ciniki da yawan saurare take ƙirgawa.

Daga 2001 zuwa 2011, Latin Grammy ta ware wa mata kambun faifan pop, bisa sharaɗin aƙalla kashi 51 cikin ɗari na faifan sabon ɗauka ne. Laura Pausini, 'yar Italiya, ta ci sau uku, Shakira sau biyu. A 2012 aka haɗe maza da mata. Hakan ya yi mana zafi, domin a rukunin matan ne Kany García, 'yar Puerto Rico, ta yi nasara da faifanta na farko a 2008.

Wassalam.