Direbobinmu na Legas, a gyara matashin kai na kujerar mota

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwanmu direbobi da masu motoci a Legas kan wani abu da aka raina, wato matashin nan da ke saman kujerar mota, bayan ƙeya.

Duk mai bin gadar Third Mainland ko titin Ikorodu ko hanyar Oshodi zuwa Apapa ya san irin karon da ake yi cikin cunkoso: na gaba ya taka birki ba zato, na baya ya daki bambarsa. A fito a duba fitila da fenti, a yi cacar baki, a watse. Ba mai tambayar wuya. Alhali a lokacin da aka daki mota ta baya, kujera ce ke ingiza gangar jiki gaba, kai kuwa, mai nauyin kusan kilo 5, sai a bar shi a baya, ya lanƙwashe sannan ya fizgo gaba, duk cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ƙasusuwan wuya bakwai da jijiyoyinsu su ne ke ɗaukar wannan fizga. Ba a buƙatar gudu mai yawa kafin a ji rauni.

Aikin matashin shi ne ya tare kai tun bai yi nisa ba, shi ya sa Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun 1969, kuma motocin tokumbo da muke saye da shi suke zuwa. Abin takaici, mafi yawansu a danne suke can ƙasa, daidai wuya. Wannan wuri ne mai haɗari, domin bugu daga baya kan sa jiki ya ɗan zame sama, kai ya tsallake matashin, wuya ya lanƙwashe a kansa kamar raken da ake karyawa a gwiwa.

Gyaran bai kai minti biyu ba, amma a yi shi mota na tsaye. A zauna, a manna ƙugu da kafaɗu da kujera. A ɗaga matashin har samansa ya yi daidai da tsakar ka. A cire hula kafin a auna, kada tsawonta ya ruɗi mutum. Dogon mutum wanda matashin bai kai tsakar kansa ba, ya ɗaga shi iyakar hawansa, kada dai samansa ya gaza saman kunne. A gindin ɗaya daga cikin ƙarafa biyun da ke riƙe da matashin akwai maɓalli. Shi ake dannawa idan za a saukar. Bayan an saita, a danna matashin da hannu daga sama. Idan ya zame ƙasa, haƙorin ƙarfen bai kama ba ko ya cinye, kuma ranar karo haka zai zame. Sai tazara: tsakanin ƙeya da matashi kada ya wuce yatsu uku, kimanin santimita 5. Idan ya yi nisa, jinginar kujera ce ta kwanta da yawa, a miƙe ta.

Wannan kwantar da kujera da samarinmu ke yi don gayu yana ɓata komai. Ƙeya ta yi nisa da matashi, bel ya bar kafaɗa, kuma a karo ta gaba mutum kan sulale ta ƙarƙashin bel ɗin, ya datse masa ciki. Zaman da ya dace shi ne a taka birki ko kuloci har ƙasa gwiwa na da ɗan lanƙwasa, a miƙa hannu wuyan hannu ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba. A bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, saboda jakar iska da ƙarfi take fashewa.

Bel kuwa, tun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, ke kama marasa ɗaurawa, amma har yau wasu rataya shi suke yi idan sun hango jami'ai. Bel na ƙasa ya bi kan ƙashin ƙugu, ba kan tumbi ba. Na sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa, kada a tura shi ƙarƙashin hammata. Mai juna biyu ta sa na ƙasa a ƙarƙashin cikin. Masu zama a baya ma su ɗaura, kuma a bar rungumar yaro a kujerar gaba: karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, babu hannun uwar da zai riƙe shi.

Ciwon wuyan sau da yawa sai bayan awoyi ko washegari yake bayyana: sanƙarewa, ciwon kai daga ƙeya, jiri. Idan da dindiris ko kasala a hannu ko ƙafa, kada a murɗa wuyan, kada a kai wa mai ɗori. Asibiti za a nufa, kai a tallafe.

Muna kira ga masu tasi da ke cire matashin baya wai don su ga hanya, da masu ɗinkin kujera da ke mantawa da mayar da shi, su dawo da shi. Wanda nasa ya ɓata ya nemi na irin motarsa a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, ya gwada a wurin, domin kauri da tazarar ƙarafan sun bambanta daga mota zuwa mota. Jami'an da ke duba lafiyar motoci a jihar nan kuma muna roƙon su riƙa leƙa kujeru kamar yadda suke duba taya da fitila.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da tuƙi,
Agege, Legas