Wasiƙa daga unguwar Bronx ta New York a kan filin Kawu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kai da iyali. A faɗa wa Inna jikin Kawu da sauƙi, sai dai hannun dama bai dawo ba tun shanyewar ɓarin jikin. Wanka da sa riga sai an yi masa. Ko alwala, da ido yake nuna buta, in zuba masa ruwa in wanke masa ƙafa.

Na ji ana shawarar a mayar da filinsa na Kano da sunan 'ya'yansa, don a ce ba shi da komai, gwamnatin nan ta Amurka ta ɗauki nauyinsa. Don Allah, Yaya, a dakata. Wannan dabarar za ta iya jawo masa asara.

Ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, tana da fansho na musamman ga wanda sai an taimaka masa da wanka, ci da sutura. Kawu tsohon sojan Amurka ne, ya kuma cika sharuɗɗan aiki: wanda ya shiga soja bayan 7 ga Satumba 1980 ana neman wata 24 a bakin aiki, da aƙalla kwana ɗaya a lokacin yaƙi, kuma lissafin yaƙin Tekun Fasha ya fara ne daga 2 ga Agusta 1990. Takardar sallamarsa, DD-214, tana hannuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne dukiya. Akwai iyaka, wadda a Disamban 2024 aka sa dala 159,240, ana haɗa abin da mutum ya mallaka da abin da yake samu a shekara. Gidan da yake ciki da motarsa ba sa cikin lissafi, amma fili a Kano yana ciki, nisa ba ya fitar da shi. Kuma tun Oktoban 2018 suna waiwayar wata 36 baya. In suka ga an yi kyautar abin da ya haura iyakar, ko an sayar da shi a wulaƙance, sai su riƙe kuɗin fanshon na wani lokaci, yana iya kaiwa shekara 5. Medicaid kuwa, tallafin lafiya na gwamnati ga marasa ƙarfi, wadda ke biyan gidan jinya, shekara 5 take waiwaya. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta biyan jinyar dindindin, kwana 100 ne iyakarta. Ka ga in aka riƙe masa, wa zai biya mai kula da shi?

Ni a ganina gaskiya ta fi sauƙi a nan. Kuɗin magani da na mai jinya ana cire su daga abin da yake samu, don haka mai yiwuwa ya shiga ƙarƙashin iyakar ba tare da an ɓoye komai ba. Mun ga lauyan da VA ta amince da shi, Kawu ya sa hannu a takardar wakilci tun hankalinsa na tare da shi, likita kuma zai cike fom na bayanin jikinsa. Cike takardar neman fanshon kanta kyauta ne, doka ta hana a karɓi kuɗi a kai.

Abin da nake roƙo: ka ɗauko hoton takardun filin, ka sa dillali mai amana ya rubuta kimarsa ta yau, ka turo min ta WhatsApp. Duk kuɗin da Kawu ya aiko gida cikin shekara 5, har na bikin bara, a rubuta min adadi da wata. Wanda kuma ya zo da maganar canza suna, ka ce ya kira ni.

A gaida Inna da yara, a ci gaba da yi wa Kawu addu'a.

Ƙaninka,
daga New York