Ku janye maganar ɗaukar dana da hannu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na ranar Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Baƙon da kuka kawo ya buɗe baki ya ce wai duk wanda ya koma gida ya tarar da roka ko harsashi a tsakar gidansa, ya sa tsumma ya ɗauke shi a hankali ya ajiye a gefe, ko ya kai wa 'yan sanda. Mai gabatarwa kuma, maimakon ya tare shi, sai ya ce madalla da wannan shawara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kun san ko mutum nawa ne suka kasa kunne a nan Sudan a wannan dare? Kun san ko uwa nawa ce za ta wayi gari ta ɗauki abin da ta daɗe tana tsoron taɓawa, don ta ji an faɗa a rediyo?

Ni magini ne, a kudancin Khartum nake zaune, kuma ganau ne ni ba jiyau ba. Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, suka karɓe Khartum a watan Maris, mutanenmu suke ta dawowa daga Gadarif da Kasala, kowa na neman mai gyara masa bango da rufi. Gidan da za ka shiga ka same shi babu komai kaɗan ne. Wani kwanson harsashi ne birjik a ƙasa, wani kuma dana ce sukutum, wato harsashin igwa, wadda aka harbo ba ta tashi ba. A wani gida na ɗaga kai na ga huda a kwanon rufi, ba ta fi faɗin faranti ba. Na bi ta da ido zuwa ƙasa, sai ga wutsiyar dana mai fukafukai ta leƙo daga cikin yashin ɗaki, dab da ƙafar gado. Matar gidan ta riga ta share ɗakin, ta kewaye ta da tsintsiya, har ta kifa mata kwano don kada yara su gani. Na ce, Hajiya, fito da yaran nan, ki bar kwanonki a inda yake. Aiki bai yiwu a gidan ba sai da masu kwance nakiya suka zo.

Su ɗin nan ne na zauna na saurara lokacin da suka tara mu a masallacin unguwa, kuma abin da suka faɗa ya saɓa wa maganar baƙonku daga farko har ƙarshe. Dana tana cikin akwatinta da makullin kariya a kanta. Da zarar an harba ta, wannan kariya ta sake. In ta faɗo ba ta fashe ba, to a ɗane take, motsi kaɗan take jira. Juya ta kawai ya isa. Tsumma ba ya hana komai, "a hankali" ma ba ya hana komai. Tsatsa kuma ba ta kashe ta, ƙara mata haɗari take yi, shi ya sa har yau a Jamus da Faransa ana kwashe mutane daga unguwa in an tono bam ɗin yaƙin duniya, bayan shekara tamanin. Namu kuwa daga 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, aka fara zuba su, ga rana tana dukansu a garin da zafi ke wuce maki 40.

Abin da suka ce a yi ba shi da wuya. Ka tsaya cak, kada ka taɓa, kada ka jefe ta da dutse, kada ka tura ta da sanda. Ka koma ta inda ka bi ka shigo. Ka sa alama daga nesa, da jan ƙyalle ko reshen ƙaya, ka gaya wa maƙwabta, ka kai labari wurin mai unguwa ko 'yan sanda ko cibiyar kawar da nakiyoyi ta ƙasa. Labari ake kaiwa, Malam, ba a kai abin da hannu. Kada a binne ta, domin damina za ta tono ta ko mai haƙa tushen gini ya sare ta da diga, kuma mai digar nan ni ne da ire-irena. Kada a jefa ta a kogin Nilu inda yara ke wanka. Kada a cinna wa shara wuta sai an duba ta da kyau, domin harsashin bindiga ma in ya ji wuta fashewa yake yi. In ka ga duwatsu da jan fenti, kada ka tsallake, farin fenti ne gefen da aka share.

Duk wannan bai kai minti uku a faɗa ba. Baƙonku ya cinye rabin awa yana ba mu tarihin bindigogi da sunayen ƙasashen da ke ƙera su, da ya zo wurin da rai yake sai ya yi ɓarna.

Abin da ya fi ƙona mini zuciya yara ne. Babu aikin yi, makarantu da dama ba su dawo daidai ba, sai tsintar ƙarafa a sayar wa masu awo a samu na burodi. Ɗan maƙwabcina, yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba, ya tsinto wani ɗan ƙarfe mai ruwan tagulla, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya zauna bakin ƙofa yana ƙwanƙwasa shi da dutse don ya raba tagullar da sauran. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Yatsu uku na hannun dama sun tafi, idonsa ɗaya har yau ba ya gani. Ni na naɗe hannun da rawanina muka ɗora shi a karon jaki, don babu mota a layin. Uwarsa tana bin mu a baya ba takalmi. Masu zuwa jaje suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma yaron nan babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ƙaramin shi ne ma ya fi saurin tashi. Yanzu ga rediyo tana gaya wa iyayensa da maƙwabtansa cewa ana iya ɗauka.

Kuma a kai wa 'yan sanda ta yaya? A bas, cikin mutane? A rakshar haya, wato babur mai ƙafa uku, tana tsalle a ramukan titi? Ku da kuke can kun fi mu tuna abin da ya faru a barikin Ikeja a Legas ranar 27 ga Janairun 2002, inda ma'ajiyar makamai ta kama da wuta, mutum fiye da dubu suka rasu, akasarinsu sun nitse a magudanar ruwa garin gudu. Wannan a hannun sojoji ne, masu horo. To ina ga ofishin 'yan sanda na unguwa in kowa ya fara kawo tasa yana ajiyewa a bayan ƙofa?

Ina roƙonku don girman Allah ku janye wannan magana a shiri mai zuwa, a farkon shirin, ba a ƙarshe ba lokacin da mutane suka kashe rediyo. Ku faɗa ƙarara cewa kuskure ne. Ku nemo wanda kwance nakiya ce sana'arsa, ko daga hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai wannan aiki, ya yi bayani da Hausar da tsohuwa a Mai Wurno ko Damazin za ta gane. Kada ku jira sai ranar 4 ga Afrilu da duniya ke tunawa da haɗarin nakiya, damina ba za ta jira ku ba.

Sai kuma batun layin wayarku. Tun ana cikin shirin nake kira don in tare maganar, yana shiga ba a ɗauka. Haka yake kullum in lambar Sudan ce. Mu ma Hausawa ne, kuɗin katin nan da gumi muke samo shi, ga wahalar cajin waya ba wuta. Ku gaya wa mai ɗaukar waya ya riƙa ba mu dama kamar yadda yake ba mutanen Kano da Yamai.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani magini daga kudancin Khartum