Wa ke ƙirga waɗanda tiramol ke kaiwa asibiti?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ba a cika yin mako ba jaridarku ba ta kawo labarin kamen tiramol da sauran ƙwayoyi da hukumar NDLEA ta yi ba: kwantena kaza a tashar jiragen ruwa ta Legas, katan kaza a hanyar Kano. Allah ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Labarin da har yanzu nake jira shi ne na matasan da ake kwasowa ranga-ranga zuwa sashen gaggawa saboda waɗannan ƙwayoyi. Su nawa ne, kuma adadinsu hawa yake yi ko sauka?

Abin da ya faru a Amurka ne ya sa nake wannan tambaya. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da maganin kashe zafin ciwo mai suna OxyContin, yana gaya wa likitoci cewa da wuya mutum ya kamu da jarabar shansa. A 2007 ya amsa laifin yaudara a kotu, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600. Amma tun kafin duniya ta farga, takardun sashen gaggawa sun nuna inda aka dosa. Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, ta ƙirga cewa zuwa sashen gaggawa saboda shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba ya tashi daga kusan 144,600 a 2004 zuwa kusan 305,900 a 2008, wato ya ninka har da ɗoriya. Sai a Oktoban 2017 gwamnatinsu ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lamarin, kuma a shekarar kaɗai mutum 47,600 suka mutu, har da waɗanda suka koma wa hodar heroin da fentanyl, wani maganin kashe zafin ciwo mai tsananin ƙarfi. Su da suke da alƙaluma a hannu ke nan sun makara.

Mu a nan, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya gano kusan mutum miliyan 4.6 na shan tiramol, kodin da danginsu ba tare da umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar aka haramta maganin tari mai kodin, amma tiramol mai ƙarfin 225mg na nan a hannun masu talla, alhali likita 50mg ko 100mg yake rubutawa. Lebura na sha don ya jure aiki, ɗan acaba na sha don ya kai dare. Idan ta yi yawa sai mutum ya faɗi yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi ƙasa. Wasu iyayen sai sun fara kai shi wajen mai ruƙiyya, in kuma an je asibiti kunya ta hana su faɗin gaskiya, a ce farfaɗiya ce. Wannan ɓoyon na iya cin rai, domin allurar naloxone na dawo da numfashi cikin mintuna, amma ba ta tsayar da jijjiga, dole likita ya san abin da aka sha.

Roƙona shi ne ku tura wakilanku Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, da asibitin koyarwa na Shika, su tambayi likitocin gaggawa mutum nawa suke karɓa a wata, 'yan shekara nawa ne, kuma ko suna da naloxone a ajiye. Ku riƙa buga amsar lokaci-lokaci don a ga yadda take sauyawa. Su kuma ji ta bakin masu sikila da masu ciwon daji, waɗanda ke buƙatar waɗannan magunguna da gaske, don kada tsananta doka ya sa a riƙa yi musu kallon 'yan ƙwaya idan ciwo ya tashi cikin dare.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya