Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Abeche

Maraɗi, Jamhuriyar Nijar

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Na yi farin ciki da jin an ɗora maka nauyin horar da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda za su yi aiki da 'yan gudun hijirar Sudan a gabashin Chadi. Allah ya taya ka riƙo. Ka nemi in faɗa maka abin da na gani a nan tun 2019, lokacin da 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, aka zaunar da wasunsu a ƙauyukan Garin Kaka da Cadakori na jihar Maraɗi, kuma ga amsar daidai gwargwado.

Babbar shawarata ita ce kada ka yarda a taƙaita horon a kan bitar mako guda. Na halarci irin wannan bita da wata ƙungiya ta shirya a otal, aka raba alawus da takardar shaida, aka ɗauki hoto, sannan aka sallami matasa zuwa ƙauyuka babu wanda ya sake tambayarsu yadda suke fama. Ba su daɗe ba wasu suka koma yi wa mutane nasiha kamar yadda suka saba, wasu kuma suka bar aikin saboda abin da kunnuwansu ke ji ya fi ƙarfinsu. Tsarin PM+, wato hanyar taimaka wa masu damuwa ta hira, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, bayan an gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, an gina shi ne domin wanda ba likita ba ya iya gudanar da shi: zama biyar, ɗaya kowane mako, kowanne kimanin minti 90, ana koyar da numfashi a hankali, da warware matsala mataki mataki, da komawa ga ayyukan yau da kullum, da neman tallafin dangi da maƙwabta. Amma tsarin ya shardanta cewa bayan aji, ɗalibi zai fara aiki ne a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, yana kawo masa abin da ya shige masa duhu a kai a kai. Wannan sharaɗi shi ne masu kasafin kuɗi ke fara yankewa, domin ba ya fitowa a hoto, don haka ka tsaya a kansa tun kafin a sa hannu a takarda.

Abin da ya fi wuyar koyarwa, a ganina, shi ne kame baki. Mutanenmu masu tausayi ne, kuma da zarar mace ta fara kuka kan mijinta da aka kashe a gabanta, ɗalibi zai yi sauri ya ba ta haƙuri, ya tuna mata ƙaddara, ya rufe maganar. Ba na raina haƙuri ko addu'a, su ne ma suka riƙe yawancin mutanen nan, amma idan suka zo da wuri sai mai magana ta fahimci cewa ba a son jin sauran. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda ke matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya faru dalla-dalla, suna zaton hakan magani ne. Jagorar taimakon gaggawa ga masu firgici da damuwa, ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, ta hana wannan matsi, ta tsaya kan dubawa da saurare da haɗa mutum da inda zai sami biyan buƙata. Ba a koyon wannan da lacca. Ka sa su yi wasan kwaikwayo, ɗaya mai shawara ɗaya baƙo, kana kallo kana gyarawa har shiru ya daina ba su tsoro.

Haka kuma dole su san iyakarsu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da rikici ya shafa na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, amma ba duka ne hira za ta wadatar ba. Mai farfaɗiya, da mai taɓin hankali, da wanda ke maganar kashe kansa, na asibiti ne, kuma jagorar mhGAP ta 2015 kan kula da lalurar ƙwaƙwalwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya tare da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana nuna wa ma'aikacin jinya yadda zai karɓe su. Da yawa sukan fara zuwa wurin malami domin ruƙiya. Mu dai mun ga ya fi amfani a jawo malaman a jiki, su riƙa turo mana wanda ya gagara.

Naka aikin ya fi namu wuya ta fuska ɗaya. Mu da baƙinmu harshe ɗaya muke yi, kai kuwa mutanen da suka tsallako daga Janaina ta Darfur zuwa Adre da ke bakin iyakar Chadi tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 akasari 'yan ƙabilar Masalit ne, mata da yara sun fi yawa, kuma ba kowace ce za ta iya bayyana ciwonta da Larabci ba. Ka ɗebi ɗalibai daga cikin 'yan gudun hijirar, musamman mata, har da waɗanda suka girma a tsofaffin sansanoni irin su Farshana. Idan tafinta ya zama dole, a horar da shi kan riƙe sirri tamkar mai shawara, domin matar da aka yi wa fyaɗe ba za ta buɗe baki ba muddin tana tsoron labarin zai kai layin ruwa kafin magariba. Kada kuma ka manta cewa ɗaliban nan su ma sun binne nasu, saboda haka zaman kulawa na mako ya haɗa da tambayar yadda suke barci.

Ka aiko mini da jadawalin horon idan ka kammala tsara shi, tare da adadin masu kulawa da aka amince maka, in duba in faɗa maka ra'ayina. Maiɗakina tana gaishe da taka, yara kuma suna gaishe da baffansu.

Wassalam,
Naka amini.